Ragar Rediyon Meshtastic a Birtaniya: Yadda Yawan Na'urori Ya Toshe Zango Guda

A farkon shekarar 2024 wata sabuwar sha'awa ta kama masu haɗa kayan lantarki da masu son rediyo a Birtaniya, musamman a Ingila. Mutum zai sayi 'yar na'ura wadda ba ta cika tafin hannu ba, kuɗinta bai fi fam 30 ba, ya ɗora mata wata manhajar kyauta mai suna Meshtastic, ya haɗa ta da wayarsa ta Bluetooth, sai ya iya aika rubutaccen saƙo ga wani mai irin na'urar a wata unguwa ko wani gari, babu layin waya, babu intanet, kuma ba ya biyan kowa ko sisin kwabo. Bidiyoyin da wasu masu sha'awar rediyo suka riƙa ɗorawa a YouTube sun ƙara rura wutar abin. Sai dai shekarar ba ta ƙare ba sai da ƙorafi ya yawaita a yankunan da na'urorin suka fi yawa. Mutum yana ganin dogon jerin sunayen na'urori a wayarsa, wasu ma daga nesa ƙwarai, amma idan ya rubuta gaisuwa ga abokinsa da ke bayan gari saƙon ba ya isa, ko kuma ya isa amsar ta ɓace a hanya.

Lamarin ya cancanci nazari ne domin na'urorin ba su lalace ba, kuma nisan da muryarsu ke kaiwa bai ragu ba. Abin da ya ƙare shi ne lokacin magana a kan zango guda ɗaya da kowa ke rabawa, kuma yawancin waɗanda suka cinye shi sun yi hakan ne da kyakkyawar niyya, suna ganin taimakon ragar suke yi, wato haɗakar na'urorin da ke miƙa wa juna saƙo.

Tushen fasahar da dokar da ta kewaye ta

Rediyon da ke cikin waɗannan na'urori ana kiransa LoRa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo a birnin Grenoble na Faransa ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Semtech na Amurka kuma ya saye shi a 2012. Dabararsa ita ce ya shimfiɗa kowane ɗan guntun bayani a cikin wani sauti mai hawa daga ƙasan zango zuwa samansa, ta yadda mai karɓa zai iya tsamo shi ko da ya fi hayaniyar iska rauni. Wannan ne ya ba shi nisa mai ban mamaki da ƙaramin batir, amma farashin nisan shi ne jinkiri, domin gwargwadon yadda aka shimfiɗa sautin, gwargwadon yadda saƙo zai daɗe yana fita. An ƙera LoRa ne domin abubuwa irin su mitar ruwa da na'urorin auna yanayi a gona, waɗanda ke faɗin kalma biyu su yi shiru na tsawon sa'o'i.

Kevin Hester, wani injiniyan manhaja Ba'amurke, shi ne ya fara Meshtastic a wajen 2020, kuma abin da ke ransa shi ne 'yan tsirarun abokai masu yawon daji ko hawan tsauni inda babu sabis, su san inda kowa yake, su kuma aika wa juna gajeren saƙo. Ya kamata a riƙe wannan asali, domin kusan duk abin da ya faru daga baya a Birtaniya ya samo tushe ne daga ɗaukar kayan da aka ɗinka wa mutum goma a sanya wa ɗaruruwa.

Yadda saƙo ke tafiya a ragar ba shi da wuyar fahimta. Babu wata cibiya da ke raba hanya. Na'urar da ta ji saƙon da ba ta taɓa ji ba sai ta ɗan dakata, ta rage ɗaya daga adadin tsallen da aka yarje wa saƙon, sannan ta sake watsa shi. Adadin da na'ura ke zuwa da shi tsalle 3 ne, iyakar abin da za a iya sa mata kuwa 7. An sa hikima a cikin dakatawar: na'urar da ta ji saƙon da rauni, wato wadda ake zaton ta fi nisa, ita ke da gajeren jira, don haka ita ke fara maimaitawa, na kusa kuma idan suka ji wani ya riga su sai su yi shiru. Abin ya yi kama da masu jiyar da kabbara a babban filin Idi: idan mutum ɗaya ne a kowane ɓangare yake ɗaga murya, sahun ƙarshe zai ji liman sarai, amma idan kowa ya ce shi ma zai jiyar, babu wanda zai bambance ruku'u da sujada.

Doka ita ce ta ƙuntata filin. A Birtaniya hukumar Ofcom ta yarda a yi amfani da zangon da ke tsakanin megahaz 869.40 da 869.65 ba tare da lasisi ba, da ƙarfin da bai wuce miliwat 500 ba, bisa sharaɗin kada na'ura ta yi magana fiye da kashi 10 cikin 100 na lokaci, wato minti 6 a kowace sa'a. Faɗin wannan fili kilohaz 250 ne kacal. Saitin da Meshtastic ke zuwa da shi, mai suna LongFast, shi ma faɗinsa kilohaz 250 ne, saboda haka ya cike filin gaba ɗaya, kuma kowace na'ura a ƙasar tana zaune ne a kan megahaz 869.525. A Amurka lamarin ya bambanta, domin filinsu ya kama daga megahaz 902 zuwa 928, wanda ke ɗaukar gurabe 104 masu wannan faɗi, ta yadda ƙungiyar da ta ji cunkoso za ta iya matsawa gefe. Ɗan Birtaniya ba shi da inda zai matsa. Akwai zangon megahaz 433, amma ƙarfin da aka yarda da shi a can ba tare da lasisi ba miliwat 10 ne. Bugu da ƙari, megahaz 869.525 ɗin ba nasu ne su kaɗai ba, domin a daidai nan ne tashoshin LoRaWAN na Turai, wani tsari daban da ke haɗa na'urorin LoRa da intanet, ke aika wa na'urorinsu wani ɓangare na amsoshinsu.

Watannin farko

Wanda ya shiga da wuri ya fara ne da shiru. Zai kunna na'urarsa, galibi Heltec V3 ko T-Beam na kamfanin LilyGo, ya ajiye a kan tebur, ya kwana bai ji kowa ba. Darasin farko da kowa ya koya shi ne cewa a wannan zango tsayi ya fi ƙarfi amfani, domin siginar tana son ta ga inda za ta, kuma bango da tudu da bishiyoyi suna cinye ta. Lissafin da masu rediyo ke yi shi ne, nisan da eriya ke hange a kilomita ya kai kamar 4 sau tushen murabba'in tsayinta a mita. Eriyar da ke kan rufin gida mai tsayin mita 9 tana hangen kilomita 12 ke nan idan babu abin da ya tare, wadda ke kan tudu mai tsayin mita 400 kuwa tana hangen kilomita 80. Nisa mafi tsawo da masu Meshtastic suka rubuta tsakanin na'urori biyu a ƙasa, kilomita 331, an same shi ne daga kan tsauni zuwa kan tsauni.

Daga nan sai aka shiga hawan rufi da ɗaura eriya a jikin bututun hayaƙi, ana yar da 'yar guntuwar eriyar da ta zo a kwali ana sayen mai kyau, ana rage tsawon waya tsakanin na'ura da eriya domin waya mai tsawo tana shanye sigina. Masu ƙwazo suka fara haɗa akwatuna masu farantin sola suna kai su kan tuddai. Nan ma an koyi darasi, domin na'urorin da ke amfani da ƙwaƙwalwar ESP32, irin su Heltec V3, suna shan wuta ninki da yawa fiye da masu nRF52 irin su RAK4631, ga shi a watan Disamba hasken rana a Ingila bai fi kusan sa'a 8 ba, galibi kuma a cikin gajimare, sannan batirin lithiyam yana lalacewa idan aka yi cajinsa cikin sanyin da ya daskarar da ruwa. Akwatunan da aka kafa da bazara da yawa sun mutu da hunturu.

Yanayin ƙasar arewa maso yammacin Ingila ya taimaka wa ragar ta haɗe da sauri. Manchester da Liverpool suna kwance ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tuddan Pennine suna gabas, tuddan Wales suna kudu maso yamma, saboda haka na'ura ɗaya a wuri mai tsayi tana iya jin garuruwa da yawa a lokaci guda. A wannan mataki kowace sabuwar na'ura alheri ce, domin tana cike wani giɓi, kuma murnar ganin sunan wani daga gari mai nisa ya bayyana a waya murna ce ta gaskiya wadda bai kamata a raina ta ba. Ita ce ta sa mutane suka kashe kuɗinsu da hutunsu suna gina abin da kowa zai amfana da shi.

Inda lissafi ya ƙi

LongFast yana tafiya ne da gudun bit 1,070 a sakan. Gajeren saƙo mai haruffa 50, idan aka haɗa da kan saƙo da shimfiɗar da rediyo ke yi kafin ya fara magana, yana cin kusan kashi bakwai cikin goma na sakan, saƙo mafi tsawo kuwa, mai haruffa 200 da 'yan kai, yana wuce sakan 2. Duk tsawon wannan lokaci, wanda ke jin mai maganar dole ya saurara, kuma ita kanta na'urar ba ta ji yayin da take magana.

Da a ce saƙonnin mutane ne kaɗai ke yawo da abin ya zo da sauƙi. Amma na'urorin suna magana da kansu. A saitin da aka saba da shi a lokacin, na'ura tana sanar da wurin da take kowane minti 15, tana faɗin yanayin batirinta kowane minti 30, tana kuma maimaita sunanta kowace sa'a 3. A ɗauki misali domin a ga girman abin: na'urori 50 da ke jin juna, kowace tana fitar da irin waɗannan sanarwa 6 a sa'a, sun zama 300. Idan aka maimaita kowace sau 5 a cikin yankin sun zama 1,500, idan kuma kowace ta ci rabin sakan, an cinye sakan 750 daga cikin 3,600 da ke cikin sa'a, wato sama da kashi 20 cikin 100, alhali babu mahaluƙin da ya rubuta ko harafi guda. Idan na'urorin suka ninka, nauyin ya wuce ninki biyu, domin masu maimaitawa ma sun ƙaru. Ita kanta manhajar tana ɗaukar kashi 25 cikin 100 a matsayin cunkoso, daga nan take fara riƙe sanarwarta.

Dalilin da ya sa kashi 25 ya zama iyaka, ba 90 ba, shi ne karo. Na'ura tana saurarawa kafin ta yi magana, amma abin da kunnenta ke kaiwa kawai take ji. Na'urori biyu a kwari biyu daban ba sa jin juna, kowace tana ganin fili a buɗe yake, sai su yi magana tare, na'urar kan tudu wadda ke jin su duka ta sami surkulle. Wannan shi ne ya sa na'urar da ta fi kowa kyawun wuri ita ce ta fi kowa shan wahala, kuma ita ce doka ke fara rufe wa baki, domin idan ta cinye minti shidanta na sa'a dole ta yi shiru, sai duk garuruwan da suka dogara da ita su yanke daga juna. Dabarar nan ta yin shiru idan wani ya riga ka ita ma tana da nata ramin: na'urar da ita kaɗai ce hanyar wata unguwa tana iya jin wani ya maimaita saƙo ta ɗaya gefen, ta ɗauka aiki ya gama, ta yi shiru, unguwar kuma ba ta ji komai ba.

A kan wannan sai halin mutane ya ɗora nasa nauyi, kuma a ganina nan ne zuciyar lamarin. Manhajar tana ba mai na'ura damar zaɓa mata matsayi. Matsayin CLIENT shi ne na kowa, CLIENT_MUTE yana karɓa ba ya maimaitawa, ROUTER kuwa an tanade shi ne domin na'urar da ke kan tsauni ko doguwar hasumiya, yana riga kowa maimaitawa kuma ba ya fasawa ko da ya ji wani ya yi. Mutane da yawa suka ga sunan ya yi kama da hidima ga jama'a, suka sa wa na'urar da ke bakin tagar ɗakinsu. Sakamakon shi ne na'urar da ba ta hangen komai sai ta riga kowa magana, ta cinye tsalle ɗaya daga cikin uku, ta kuma sa waɗanda suka fi ta wuri yin shiru. Wanda saƙonsa bai isa ba sai ya ɗaga tsallensa zuwa 7, ya sake aikawa, ya aika saƙon binciken hanya domin ya ga inda abin ya maƙale, wani kuma ya bar gwajin nisa a kunne yana ta fitar da lambobi. Mai na'ura uku a gida ɗaya, ɗaya a rufi, ɗaya a aljihu, ɗaya a mota, ya bar su duka suna maimaitawa. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da ma'ana ga mai yin sa, amma idan aka tara su sai su zama ainihin cutar da ake ƙoƙarin magancewa. Alamar isar saƙo ma ta ruɗi sababbin shiga, domin a tashar kowa da kowa, wato dandalin hirar da kowace na'ura ke zuwa da shi, abin da take nufi kawai shi ne wata na'ura ta maimaita saƙon, ba wai wanda ake nufi ya karanta ba.

Akwai kuma gadar intanet. Meshtastic tana ba da damar haɗa na'ura da wata babbar kwamfuta ta hanyar ƙa'idar MQTT, domin ragogi masu nisa su ji juna, a kuma zana taswirar na'urori. Wanda ya buɗe wannan ƙofa ta shigowa a kan tashar kowa da kowa yana kwararo hirar wasu ƙasashe ne a cikin zangon garinsu. Ba Birtaniya kaɗai abin ya shafa ba. A taron masu rediyo na Hamvention da aka yi a jihar Ohio ta Amurka a watan Mayun 2024, irin wannan gada ta taimaka wajen durƙusar da ragar taron, abin da ya sa masu manhajar suka shirya wa taron masu harkar tsaron kwamfuta na DEF CON da ke Las Vegas a watan Agusta manhaja ta musamman mai saiti mai sauri da ake kira ShortTurbo. Wannan magani ba ya aiki a Birtaniya, domin faɗin ShortTurbo kilohaz 500 ne, ninki biyun filin da doka ta bayar.

Gyare-gyaren da aka gwada

Masu rubuta Meshtastic, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne, ba su naɗe hannu ba. Sun sa manhajar ta riƙa tsawaita tazarar sanarwa da kanta idan na'urorin da take ji sun wuce 40. Sun ƙuntata abin da babbar kwamfutarsu ta MQTT ke bari ya shiga iska, sun kuma ƙara maɓallin ƙin karɓar duk abin da ya biyo ta intanet. Fitowa ta 2.5 ta kawo kulle saƙon mutum da mutum da mabuɗin kowane mai na'ura, wanda ya zama dole domin mabuɗin tashar kowa da kowa sananne ne ga duk duniya. Fitowa ta 2.6 a 2025 ta sa irin wannan saƙo ya riƙa tuna na'urar da ta miƙa shi a baya maimakon ya bazu ko'ina. Sun kuma fito fili sun shawarci manyan ragogi su bar LongFast, suna ba da misali da yankin San Francisco da birnin Wellington na New Zealand, inda ƙungiyoyi suka koma saiti mai sauri suka ga sauƙi. MediumFast, alal misali, ya fi LongFast gudu sau uku da ɗoriya, abin da ake rasawa na nisa kuwa kaɗan ne a inda na'urori suka yi kusa da juna.

Matsalar ita ce na'urar da ke kan wani saiti ba ta fahimtar wadda ke kan wani. Komawa MediumFast yana buƙatar kowa ya yarda a rana ɗaya, har da mai akwatin kan tudu wanda sai ya yi tafiyar ƙafa kafin ya isa gare shi, da wanda ya kunna na'urarsa ya manta da ita a cikin rufin ɗaki tana ta sanar da batirinta da tsohuwar manhaja. Ragar ba ta da shugaba, ba ta da rajista, babu ma hanyar sanin mai na'urar da ke damun kowa. Rashin mai iko da ita shi ne abin da ya fi jawo mutane gare ta, shi ne kuma ya hana a gyara ta cikin sauri.

A cikin wannan hali MeshCore ta shigo. Scott Powell, wani mai rubuta manhaja a Ostireliya, shi ya fara ta a ƙarshen 2024, ta kuma yaɗu a 2025, Birtaniya tana cikin wuraren da suka fara rungumar ta. Tana hawa kan na'urorin da mutane suka riga suka mallaka, don haka sauyawa bai wuce aikin mintuna da kebul da kwamfuta ba. Bambancinta yana cikin rabon aiki. A asalin tsarinta, na'urar da ke aljihun mutum ba ta maimaita saƙon kowa, aikin miƙawa na tashoshin da aka kafa musamman domin haka ne. Saƙon farko tsakanin mutum biyu yana bazuwa ne domin neman hanya, idan aka samu sai a rubuta jerin tashoshin da ya bi, saƙonnin gaba kuma su bi wannan jeri kaɗai, sauran tashoshi su yi shiru. Saboda haka ta iya yarje wa saƙo tsalle har 64. Ba ta kuma yawan sanar da wuri ko batir sai an tambaye ta. Da farko masu MeshCore a Birtaniya sun zauna a kan megahaz 869.525 tare da Meshtastic, manhajoji biyu da ba sa fahimtar juna suna tsoma wa juna baki, daga baya da yawansu suka koma siririn saiti mai faɗin kilohaz 62.5 a kan megahaz 869.618, can gefen filin.

Waɗanda suka koma MeshCore sun sami abin da suka daɗe suna nema, wato saƙo ya ƙetare garuruwa ya isa kuma amsa ta dawo. Amma adalci ne a faɗi abin da aka bayar kafin a sami hakan. A asalin tsarin MeshCore, abokai biyar masu hawan tsauni a inda babu tasha ba za su miƙa wa juna saƙo ta na'urorin aljihunsu ba, alhali wannan shi ne aikin da Meshtastic ta fi iyawa, kuma har yanzu ban ga abin da ya fi ta a nan ba. Wanda ke tafiya a mota hanyarsa tana karyewa, sai an sake bazawa. Hirar tashar jama'a da sanarwar tashoshi suna bazuwa ne kamar da, don haka yayin da ragar ta faɗaɗa nauyinsu ya fara bayyana. Kuma domin a rage tsawon saƙo, an riƙa gane kowace tasha a cikin jerin hanya da lamba ɗaya daga cikin lambobi 256 kacal, ta yadda a ragar da ta wuce 'yan ɗaruruwan tashoshi dole a sami biyu masu lamba iri ɗaya.

Batun gaggawa shi ne wanda na fi son a yi hattara da shi. Mutane da yawa sun shiga harkar ne da tunanin ranar da sabis zai ɗauke, kuma tunanin yana da dalili. Guguwar Arwen ta watan Nuwamban 2021 ta katse wa kusan gidaje miliyan ɗaya wuta a Birtaniya, wasu sun fi mako guda a duhu, turakun sadarwa kuma ba sa daɗewa a kan batir. Ana kuma kan ritayar da tsohon layin tarho na gida, wanda ke aiki ko babu wuta, an sa Janairun 2027 a matsayin wa'adi. Ɗaukewar wutar da ta game Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025 ta ƙara wa wannan damuwa ƙarfi a Turai baki ɗaya. Sai dai ragar da ta toshe a ranar da babu abin da ya faru ba za ta buɗe ba a ranar da kowa zai yi magana a lokaci guda, kuma na'urar rufi da ke jone da wutar gida za ta mutu tare da wutar. Birtaniya tana da abin kwatance a gida: ƙungiyar RAYNET ta masu rediyo 'yan sa-kai, wadda aka kafa a 1953 bayan ambaliyar da ta afka wa gabar gabashin Ingila. Ƙarfinta yana cikin atisaye da tsarin wanda zai yi magana da wanda zai jira, da mai kula da zango wanda kowa ke bin umarninsa. Ragar LoRa za ta iya yin amfani a irin wannan rana ga iyali ko unguwa, idan an riga an ware tasha ta musamman da mabuɗinta, an tabbatar tashoshin da ke tsakani suna da sola da batirin da zai kai su ƙarshen hunturu, an kuma gwada hanyar tun kafin a buƙace ta.

Zuwa ƙarshen 2025 ragogin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa a Birtaniya, a cikin kilohaz 250 ɗin nan guda. A wasu yankuna yawancin tashoshin kan tudu sun koma MeshCore, a wasu kuma Meshtastic ce ke da jama'a, wasu masu tashoshi suna riƙe da na'ura biyu a kan sanda ɗaya, kowace da eriyarta, suna nisanta su da juna domin kada maganar ɗaya ta kurumtar da ɗaya. Sabon mai sayen na'ura yana fara binciken abin da mutanen garinsu ke amfani da shi da saitin da suke kai kafin ya ɗora manhaja, idan kuma Meshtastic ya zaɓa, shawarar farko da tsofaffin hannu ke ba shi ita ce ya bar tsallensa a 3, ya kashe sanarwar da ba ya buƙata, ya sa na'urar aljihunsa a CLIENT_MUTE muddin yana da wata a kan rufi.